Ku Bar wa Jirgin Feshi Samaniya

Tun da jan-baki suka fara sauka a fadama, wani saƙo ke yawo a WhatsApp tsakanin manoman shinkafa na Augie da Argungu. Wai duk mai ƙaramin jirgi mara matuƙi, irin na masu ɗaukar bidiyon biki, ya tashe shi ranar da jirgin feshi zai zo daga Birnin Kebbi, ya nuna wa matuƙi makwancin tsuntsaye, ya kuma ɗauki shaidar an yi feshin. Wai ɗan mitsitsi ne, ba abin da zai yi wa jirgi.

Zancen da aka haɗa a saƙon cewa maganin feshin na hana haihuwa tsohuwar ƙarya ce aka sake wa riga. Cewa kada a ci tsuntsun da feshi ya kayar kuwa gaskiya ne: guba ce, a hana yara tsinta.

Inda saƙon zai iya jawo asara shi ne wancan "ba abin da zai yi". Ranar 9 ga Janairun 2025, ana fama da gobarar Palisades a Los Angeles ta Amurka, wani mutum ya tashi irin wannan jirgi ƙirar DJI don ya ga ɓarnar wuta. Nauyinsa bai kai giram 250 ba. Ya yi karo da jirgin kashe gobara da aka kawo daga Kanada, ya huda masa fiffike, rami mai inci 3 da inci 6. Allah ya kiyaye, matuƙan sun sauka lafiya, don haka ba a ce kowane karo sai jirgi ya faɗi ba. Amma jirgin ya yi kwanaki a ƙasa wuta na cin gidaje, gyara ya haura dala 65,000, mutumin kuma ya amsa laifi a kotu.

To, feshin jan-baki da almuru ake yinsa, lokacin da tsuntsaye suka koma makwanci, jirgi na tafiya ƙasa-ƙasa, haske na ƙarewa. Yaushe matuƙi zai hango abu kamar tafin hannu? In ma ya hango, juyawa zai yi, feshin ranar ya tashi. Wanda ya rubuta saƙon bai yi wannan lissafin ba, kuma ba gonarsa za a cinye ba.

Ban ga laifin manomin da ya yarda ba. Mutumin da ke yini yana jan igiyar gwangwanaye, yana ihu har murya ta dushe, ya san me ke gabansa: tsuntsu ɗaya na cin kusan giram 10 a rana, garken miliyan 2 tan 20 ke nan. Dole ya ƙagu.

Sai dai a 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hana tashin irin waɗannan jirage sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Wanda ya san makwanci ya gaya wa malamin gona ko mai unguwa da wuri, su isar wa masu feshi kafin jirgi ya tashi.