WASAN TASHE DA TAIMAKON JAMA'A A ƘASAR MAGARYA

Duk wanda ya taɓa yin azumi a Magarya, ko a Wurno da Rabah da Goronyo, ya san abin da kan faru in wata ya kwana goma. Da an sha ruwa an idar da asham, sai yara su fito ƙungiya-ƙungiya, kowa da abokansa. Wani ya liƙa gemun auduga ya dogara sanda, ya zama tsoho. Wani ya rataya buhu cike da saiwoyi, ya zama Jatau mai magani. Suna bi gida gida suna ba mutane dariya, masu gida kuwa suna ba su hatsi ko 'yan kuɗi sadaka. In an tashi, sai su zauna su raba abin da suka samu. Wannan shi ne tashe.

Mu da ke aikin horon malamai muna ganin akwai babban darasi cikin wannan al'ada. Watau tun kafin zuwan boko Bahaushe ya san yadda ake haɗa ban dariya da abota da neman taimako wuri guda. Abin da makaranta ta ƙara shi ne rubutu. A 1930 Dakta East ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa saboda 'yan makaranta. A 1949 aka buga Wasan Marafa na Malam Abubakar Tunau Mafara, mutumin Lardin Sakkwato, wanda ke koya wa jama'a tsabta da kiwon lafiya. Malam Aminu Kano ma, da ya shahara wajen shirya wa ɗalibai wasanni, ya koyar a makarantar horon malamai ta Maru kafin ya bar aiki a 1950. Ashe ƙasarmu ba baƙuwa ba ce ga wannan sha'ani.

To, ina amfaninsa yau? Mutanen bakin Gulbin Rima ba su manta da ambaliyar watan Satumba na 1910 da ɗari ba, watau shekarar 2010, sa'ad da ruwa ya ci gidaje da gonaki a ƙasar Goronyo da Wurno. Kafin gudummawar hukuma ta iso, maƙwabci ne ke fara agaza wa maƙwabcinsa. Ko ba ambaliya, ga marayu, ga ajin da iska ta yaye wa rufi, ga rijiyar da ta rufta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shawararmu ita ce malamai da samarin gari su shirya wasa bayan kaka, lokacin da rumbuna suka cika. Ba a bukatar ɗaki na musamman, filin makaranta ya isa. Labarin ma yana kusa: aminai biyu aka ɗora wa tara gudummawa, ɗaya na ƙirgawa, ɗaya na lissafin tsiren da zai ci daga ciki, har asirinsa ya tonu, abokinsa ya fid da shi kunya. Mutane za su yi dariya, sa'an nan kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, ko mudun gero ne.

Amma fa akwai sharuɗɗa. A nemi yardar hakimi da limamai da iyayen yara tukuna. Kada a kwaikwayi wani sananne a gari don a ci masa mutunci. Mafi girma duka, a ƙirga abin da aka tara a gaban jama'a a daren nan, a rubuta, kuma ranar kasuwa a sanar da inda ya tafi. In aka ci amana sau ɗaya, ba mai sake fitowa kallo, balle ya sa hannu aljihu.

Allah ya sa mu dace, amin.