Macen Salwa: Ciwonta Yakan Fara Daga Kwanon Abinci

Jama'a, kiwon salwa ba baƙon abu ba ne yanzu a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan. Wannan ƙaramar tsuntsuwa irin ta ƙasar Japan ce. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, ita ce ta shigo da ita Nijeriya a 1992. Wajen 2013 kasuwar ƙwanta ta yi zafi, gama an baza labari wai yana warkar da ciwon sukari da hawan jini. Ƙwai ne mai kyau, yara suna sonsa, amma ba magani ba ne. Da kasuwar ta faɗi, da yawa suka bar kiwon. Waɗanda suka rage su ne masu 'yan tsuntsaye goma ko ashirin a bayan ɗaki, wasu don ƙwai, wasu don sha'awa kawai.

Kukan da mukan ji daga wurinsu iri ɗaya ne. Mazan suna nan garau, matan kuwa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai kiwo ya ce annoba ce, ya garzaya kanti ya sayo magani ya zuba a ruwa. Mu dai muna cewa, kafin a kashe kuɗi, a dubi kwanon abinci tukuna.

Ga dalili. Macen salwa takan fara ƙwai tana da mako shida zuwa takwas. Idan ta sami kulawa, takan yi ƙwai 250 ko fiye a shekara. Kowane ƙwai nauyinsa wajen giram 10 ne, ita kuwa duk jikinta bai cika wuce giram 150 ba. Watau kusan kowace rana tana fid da abin da ya kai kashi ɗaya cikin 15 na nauyinta. Kaza ba ta yin rabin wannan aiki. Ɓawon ƙwai kuma da kalshiyam ake gina shi, sinadarin nan da ke cikin ƙashi da farar ƙasa. Idan babu shi a abinci, tsuntsuwar za ta ɗebo shi daga ƙasusuwan jikinta.

To, mu kuwa me muke ba ta? Dusa da tsakin dawa, kamar kazar gida. Kazar gida tana yawo a juji, tana tsintar gara da ƙwari da tsakuwa, ta yi ƙwai goma sha biyu ta huta. Salwa tana kulle a keji, abin da muka ba ta shi ke nan.

Alama ta fari ita ce ƙwai mai laushin ɓawo, ko wanda ba shi da ɓawo sam. Daga nan sai a ga tsuntsuwa ta gurfana, ƙafafu sun ƙi ɗaukarta. Mafi muni shi ne ƙwai ya maƙale. Salwa da yamma take yin ƙwai, daga la'asar zuwa magariba, saboda haka a wannan lokaci ya kamata a leƙa keji. Wadda ƙwai ya maƙale mata za ta koma gefe, gashi a tashe, tana nishi tana yunƙuri. A ɗauke ta a hankali, a sa bayanta cikin ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci, a shafa ɗan man gyaɗa a bakin duburarta, a ajiye ta a kwali mai ɗumi da duhu. Kada a matsa cikin da yatsa. In ƙwan ya fashe a ciki, da wuya ta kwana.

Wani lokaci kuma yunƙurin yakan jawo fitar baya. Sauran tsuntsaye da sun ga jan nama sai su hau caka. A ware ta nan da nan, a wanke wurin da ruwan ɗumi, a ajiye ta a duhu domin ta dakata da ƙwai. Idan abin ya fito da yawa, gara a yanka ta da a bar ta cikin wahala. Mun lura wannan ya fi samun tsuntsayen sha'awa, waɗanda yara ke cika wa gero da gyaɗa har su yi kitse, da kuma waɗanda aka bar musu fitila dukan dare tun suna ƙanana. Haske na awa 14 zuwa 16 a rana ya isa.

Maganin duk waɗannan yana cikin rumbunanmu. Muna noman masara da waken soya. Abincin mai ƙwai yana bukatar sinadarin gina jiki wajen kashi 20 cikin 100, da kalshiyam wajen kashi 3. Abincin kaji masu ƙwai na buhu yana da isasshen kalshiyam, amma gina jikinsa bai kai na salwa ba, sai a ƙara masa garin waken soya ko garin busasshen kifi. Tilas a soya waken tukuna, ɗanye yana hana narkewar abinci. A ajiye garin ƙashi a wani ɗan kwano dabam. Ɓawon ƙwan da muka ci ma kada a zubar, a dafa shi, a shanya, a daka, a mayar musu. Kowace tsuntsuwa tana cin wajen giram 25 a rana, saboda haka buhu guda ya fi ƙarfin mai salwa goma. Ga inda ƙungiya take da amfani: a saya tare, a raba da mudu kafin ya daɗe. Masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna da damina, guba ne ga hantarsu.

Sauran abu biyu na keji ne. Namiji ɗaya ya isa mata uku zuwa biyar. In maza sun yi yawa za a ga ƙeyar matan a fige, har da jini. Salwa kuma in ta firgita sama take zabura, ta buga kai a rufi, don haka a shimfiɗa buhu ko raga mai laushi a ƙarƙashin rufin. Da bazara, a Maris da Afrilu, a kai keji inuwa, ruwa kuma kada ya yanke.

Ba mu ce babu cuta mai yaɗuwa ba. Gudawa, musamman mai jini, takan zo inda shimfiɗa ta jiƙe ta daɗe ba a sauya ba. Murar tsuntsaye kuwa a jiharmu ta fara ɓulla a Nijeriya, a wata gona a Jaji, a 2006, kuma tana kama salwa. Idan maza da mata suna mutuwa tare, da yawa a kwana ɗaya ko biyu, kada a ci, kada a sayar, kada yara su taɓa. A sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar. Asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan a Zariya, ba nisa gare mu. In za a kai gawar tsuntsuwa a duba, a ɗauke ta da leda, a ƙulle, a kai ta tun ba ta fara wari ba.