WUSASA: MAJAMI'AR ƘASA DA TA RAINI GARI GUDA

Wanda duk ya fita daga Birnin Zariya ya nufi wajen Dutsen Kufena, ba zai yi nisa ba zai iske Wusasa, wata 'yar unguwa da ke zaune a gindin duwatsu. A tsakiyarta akwai Majami'ar Saint Bartholomew ta ɗarikar Angilikan, wadda aka gina da jar ƙasa a 1929. Baƙo yana iya ɗaukarta zauren wani basarake, domin kuwa ginin Hausa ne tsantsa, bangaye masu kauri, da rufin azara wanda bakan gizo ke riƙe da shi. Ko rana ta take, cikinta da sanyi.

ASALIN ZAMA

Labarin ya faro ne daga Likita Walter Miller, Baturen mishan na ƙungiyar C.M.S., wanda ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya kuma zauna cikin Birnin Zariya a 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. A can ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Daga cikin waɗanda suka fara binsa har da wasu Isawa, watau almajiran da tun kafin zuwan Turawa suke girmama Annabi Isa ƙwarai. An kafa musu ƙauye a Gimi, amma ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, har wurin ya watse.

Da tafiya ta yi tafiya, hukuma ta ga ya fi dacewa mishan ta fita bayan ganuwa. Aka ba ta fili a Wusasa, aka kwashe makaranta da asibiti aka koma can a ƙarƙashin jagorancin Rabaran Guy Bullen. Ta haka unguwar ta tashi, majami'a a tsakiya, makaranta da Asibitin Saint Luke a gefe, gidajen jama'a kuma suna kewaye.

YADDA AKE SUJADA

Ran Lahadi da safe, maza da mata da yara sukan ɗunguma zuwa sujada cikin shigarsu ta Hausa, riga da hula, zane da ɗankwali. Tsarin ibadar Angilikan ba a yinsa da ka. Akwai Littafin Addu'a, wanda asalinsa aka wallafa a Ingila a 1549, aka kuma daidaita shi a 1662, daga baya aka juya shi zuwa Hausa. Limami ya karanta, jama'a su amsa baki ɗaya. Akan fara da furta zunubi da neman gafara, sa'an nan Zabura, da karatu daga Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, da shaidar bangaskiya, da wa'azi, da baiko. Idan ranar Jibin Ubangiji ce, waɗanda Bishop ya riga ya ɗora wa hannu ya tabbatar da su sukan matso gaba, su durƙusa su karɓa.

Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito cikakke a 1932, Likita Miller na cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassara shi tare da malaman Hausa. Saboda haka mutumin Wusasa bai taɓa jin cewa sai ya ari bakin wani kafin ya roƙi Allah ba. Da harshen da yake ciniki a kasuwa, da shi yake addu'a.

Shekara ma tana da nata tsari. Akwai Kirsimeti, akwai azumin kwana 40 da ke ƙarewa da bikin Ista, akwai ranar 24 ga Agusta da ake tunawa da Manzo Bartalamawus, wanda majami'ar ke ɗauke da sunansa. Idan kaka ta yi, akan yi sujadar godiya, manomi ya kawo dawa ko masara, ma'aikaci ya kawo abin da ya sawwaƙa.

SAURAN KWANAKI SHIDA

Amma wanda ya ga Lahadi kaɗai bai ga komai ba. Nauyin ikilisiya irin wannan yana kan ƙungiyoyinta ne. Zumuntar mata ita ce ke gaba wajen gaida marar lafiya, da zaman makoki, da hidimar biki da suna. 'Yan ƙungiyar mawaƙa sukan taru da maraice su yi bita. Malaman makarantar Lahadi, waɗanda ba a biyansu ko kwabo, su ke koya wa yara karatu da ladabi. Dattawan da jama'a suka zaɓa kuwa su ke lura da kuɗin baiko da gyaran gini, su kuma taimaka wa limami wajen sasanta ma'aurata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'YA'YAN DA TA HAIFA

Abin mamaki shi ne yadda wuri ƙanƙane haka ya ba ƙasa manyan mutane. Likita R. A. B. Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likitan zamani, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, tarbiyyar wannan mishan ce. Janar Yakubu Gowon, Shugaban Ƙasa daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya tashi, mahaifinsa kuwa mai wa'azi ne. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello a waɗannan shekaru, ya yi karatu a makarantar Saint Bartholomew. Haka nan John Tafida, wanda suka rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East, mutumin Wusasa ne. Sirrin abin bai wuce makaranta da aka riƙe da gaske ba, da iyayen da suka yarda su sa 'ya'yansu a ciki tun mutane da yawa suna gudun boko.

ABIN DA KE GABA

Zamani ya kawo canje-canje. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi makarantun mishan, har makarantar Saint Paul ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena. A 1979 Ikilisiyar Angilikan ta Nijeriya ta sami cin gashin kanta, a 1997 kuma aka kafa Dayosis na Wusasa, unguwar ta zama mazaunin Bishop.

Abu biyu ne ke bukatar a sa musu ido. Na farko shi ne ginin kansa. Ginin ƙasa kamar jariri yake, sai da kulawa: damina ɗaya aka yi sakaci da yaɓe ko indararo, ruwa ya sami hanya, to, aikin shekaru ya lalace. Ga shi kuwa maginan da suka iya ɗaura bakan gizo sai raguwa suke yi, tun da siminti da kwano suka ci kasuwa.

Na biyu shi ne zaman tare. Kiristan Wusasa da Musulmin Zazzau harshensu ɗaya, sau da yawa ma kakanninsu ɗaya, suna haɗuwa a asibiti da kasuwa da wajen ta'aziyya. Duk da haka rikicin da ya tashi a Kafanchan cikin watan Maris na 1987 ya bazu har Zariya da kewayenta, aka ƙone wuraren ibada, aka bar tabo a zukata. Wannan ya nuna cewa zumunci ma yana son yaɓe kamar bango.

Ya kamata hukumomin kula da kayan tarihi, da sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, su haɗa kai da ikilisiyar don a adana wannan gini, a kuma koya wa samari sana'ar. Ɗalibi Musulmi ko Kirista da ya ziyarci Wusasa zai ga aikin hannun kakanninsa, ya kuma gane cewa gadon na kowa ne.