Kayan Sarauta

Idan Salla ta zo, hakiman ƙasar Katsina, har da na Kankiya da na Kusada, sukan tafi birni su yi hawa, su gai da Sarki. Duk yaron Kaikai da ya taɓa zuwa kallo ya ga dawakai da lifidi da alkyabba. Amma akwai waɗansu tsofaffin kaya a fada da suka fi duk wannan ado daraja. Su ake kira kayan sarauta.

Babba a cikinsu wani takobi ne mai suna Gajere. Masu ba da labarin da sun ce wani ɗan kokawa ne, Korau, ya zo daga 'Yandoto, ya kā da Sarki Sanau, ya kashe shi da takobin nan, ya hau gadon sarauta. Shi ya sa har yau ake kiran fadar Katsina Gidan Korau. Akwai kuma wata tukunyar ƙarfe da aka ce ta Korau ce, da wani tambari, shi ne Gwauron Tambari. Ba a kaɗa shi don wasa, sai don babban al'amari kamar naɗin sabon sarki.

To, na wane ne kayan nan? Ba na mutum ɗaya ba ne. A wajen 1807 Ummarun Dallaje ya ci Katsina, sarakunan Haɓe suka koma Maraɗi. A 1906 kuma sarauta ta koma gidan Muhammadu Dikko. Gida ya tashi, gida ya zauna, amma Gajere yana nan a Katsina. Sarki ba ya sayar da shi, ba ya kyauta da shi, ba a kuwa raba shi cikin gado. Ajiya aka ba shi, wadda zai bar wa na bayansa.

Haka abin yake a Ingila. Can akwai kambin zinariya wanda nauyinsa ya fi kilo 2, ba a kuwa ɗora wa sarki shi sai ran naɗi, kamar yadda aka yi wa Sarki Charles na Uku a 2023. Amma ba shi ne na asali ba. A 1649 mutanen ƙasar suka kashe sarkinsu, suka narkar da tsofaffin kayan sarauta. Da aka mai da sarauta sai aka ƙera sabon kambi a 1661. An sami zinariya, an sami maƙera, amma wanda kakanni suka sa ya tafi ke nan.

Ashe darajar kayan sarauta ba a tsadarsu take ba. Maƙeri yana iya ƙera takobin da ya fi Gajere tsawo da ƙyalli, amma ba zai iya ƙera masa shekaru ba. Saboda haka ake tsaronsa ƙwarai, don jikoki su gani, su san inda garinsu ya faro.