Zaɓen fidda gwani a Najeriya: Me 'yan takara suka tanadar wa ɗan kasuwar kan iyaka?

A duk lokacin da guguwar siyasa ta taso a Najeriya, akwai maganar da muka saba ji daga bakin masu bugo mana waya a gidan rediyo, wato ina ruwanmu da zaɓen da ba mu da ƙuri'a a cikinsa? To amma duk wanda ya taɓa kai shanu Maigatari ranar Alhamis, ko ya sari kaya a Kantin Kwari ya biyo da su ta Jibiya zuwa Ɗan Isa, ya san cewa abin da aka ƙulla a Abuja a aljihunsa yake kwancewa. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi zaɓen fidda gwani na 2022, mu auna abin da masu neman tikiti suka ce da abin da ya same mu daga baya.

Idan mai karatu bai manta ba, jam'iyyar PDP ce ta fara yin nata a Abuja ranar 28 ga Mayu, 2022, inda Alhaji Atiku Abubakar ya samu ƙuri'a 371, Nyesom Wike 237, Bukola Saraki 70, bayan da Aminu Waziri Tambuwal ya janye wa Atiku a filin taron. A APC kuwa, wadda ta sayar da fom ɗinta naira miliyan 100, an kammala ranar 8 ga Yuni, Bola Tinubu ya tashi da 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235, Ahmad Lawan 152. Peter Obi bai ma tsaya an gwabza ba, ya fice daga PDP ana saura kwana uku ya koma Labour. Wakilan PDP ba su kai 800 ba, kuma jaridun ƙasar sun yi ta ba da labarin yadda dala ta yi yawo a masaukan wakilai, har jami'an EFCC suka bayyana a filin. Ke nan ba a kan manufa aka yi zaɓen ba. Duk da haka manufofin suna nan, kuma uku ne suka shafe mu: man fetur, darajar naira da iyaka.

Mu fara da mai. Abin da mutane da yawa a nan ba su lura da shi ba shi ne, manyan 'yan takarar bakinsu ɗaya ne a kan cire tallafi. Tinubu ya faɗa ƙarara cewa zai cire komai zanga-zangar da za a yi, duk da cewa a 2012 yana cikin waɗanda suka soki Goodluck Jonathan a kan wannan mataki. Atiku tun a takararsa ta 2019 yake cewa zai sayar da kadarorin NNPC, a wannan karon ma ya ce tallafi zai tafi, matatun gwamnati a miƙa su ga 'yan kasuwa. Obi kuwa cewa ya yi tallafin sata ce da aka tsara. Saboda haka ko wane ne ya hau, kwanan man ruwa-ruwa mai araha ya ƙare. Inda suka bambanta shi ne hanya. Tinubu a jawabinsa na rantsuwa ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sanar da cewa tallafi ya tafi, kafin mako ya zagayo litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500. Atiku da Obi daga baya sun ce da su ne da sannu a hankali za su cire, bayan an tanadi abin rage raɗaɗi. Mai yiwuwa da gaske suke, sai dai faɗin haka ba wuya ga wanda bai hau kujera ba.

A ɓangarenmu kowa ya ga abin da ya biyo baya. Kwalaben da ke jere a bakin hanya daga Ƙwanni zuwa Magarya sun yi tsada, matasa da dama sun rasa sana'a, masu motoci suka koma gidajen mai. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana, ta kasa ɗaukar wannan sabon nauyi, har ta kai a watan Maris na 2025 aka yi ta dogayen layuka a Yamai da sauran garuruwa.

Batun naira shi ne ya fi yi wa ɗan kasuwa illa a ɓoye, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa a wajen gangami. Osinbajo, wanda 'yan kasuwa suka sani da shirin TraderMoni na bashin naira 10,000, ya fito tun a watan Oktoba na 2021 ya ce farashin canjin gwamnati ba na gaskiya ba ne, ya kamata ya bi kasuwa. Atiku da Tinubu su ma sun yi alƙawarin kawo ƙarshen farashi biyu, na banki da na bayan fage. Wani abin mamaki, a daidai lokacin ne wasu ƙungiyoyi suka saya wa gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, fom ɗin APC, wato mutumin da ke riƙe da farashi biyun. Bai yi takarar ba, amma shi ne ya canza takardun kuɗi a ƙarshen 2022, lokacin da fatakenmu suka sayar da dabbobi suka rasa tsabar da za su karɓa. A tsakiyar Yuni 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen 460 ta zarce 1,500 a farkon 2024. Mai zuwa da sefa ya sari atamfa ko robobi a Kano ya ji daɗi, domin jikarsa ta yi nauyi. Amma mai kai wake, albasa da raguna, wanda a naira ake biyansa, ya ga ribarsa tana narkewa tsakanin kasuwa da teburin ɗan canji. Wanda ya ba da kaya bashi na wata biyu kuwa, sai dai mu ce Allah ya mayar da alheri.

A kan iyaka ne kawai aka ga bambanci na zahiri. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019 da sunan hana shigo da shinkafa, ta kuma hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilu 2022, ana dab da zaɓen fidda gwanin. Osinbajo, da yake shi ne mataimakin shugaban ƙasa, alƙawarinsa shi ne ɗorawa a kan aikin Buhari. Atiku ya soki rufewar, kuma a yawon kamfe a jihohin Arewa ya yi alƙawarin buɗe iyakoki baki ɗaya. Amaechi, wanda ya ƙaddamar da takararsa da zagaya filin wasa na Fatakwal a guje don a ga ƙarfinsa, shi kaɗai ne yake da wani aiki da ya ambaci sunan garinmu: layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021 yana ministan sufuri. An zage shi a Kudu a kan wai yana yi wa wata ƙasa aiki, shi kuma ya kare kansa da cewa kayan Nijar yake so su riƙa bi ta tashoshin ruwan Najeriya maimakon Kwatano. Har shekarar 2025 ta ƙare jirgi bai shigo Maraɗi ba. Wike kuwa, gadojin sama na Fatakwal ne hujjarsa, ba mu ji wani tsari nasa a kan iyaka ba.

Tinubu da ya ci, bai yi wa iyaka wani dogon alƙawari ba, kuma a hannunsa aka sake garƙame ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, ƙungiyar CEDEAO da yake shugabanta ta ƙaƙaba takunkumi, aka yanke wutar lantarki, manyan motoci suka yi cirko-cirko a Illela da Jibiya, albasa ta ruɓe a cikin buhu. Sai a Maris 2024 aka buɗe. Wannan ba ya cikin takardar manufofin kowa, kuma a ganinmu shi ne gurbin da ya fi girma a duk muhawarar 2022: babu wanda aka tambaya yadda zai yi da maƙwabta idan an samu saɓani.

A 2025 Atiku da Amaechi sun bar jam'iyyunsu sun haɗu a ADC, Wike kuma tun Agusta 2023 ya karɓi ministan Abuja a gwamnatin da jam'iyyarsa ta yi takara da ita. Mu dai a shirinmu na ranar kasuwa mun yanke shawarar cewa duk wani wakilin ɗan takarar 2027 da ya shigo gaisuwa wajen 'yan uwa a wannan ɓangare, za mu ba shi makirfo, mu tambaye shi nawa zai bar jika ta kai a naira, da kuma ko akwai dalilin da zai sa maigidansa ya sake sa wa Jibiya kwaɗo.