Murɗaɗɗiyar ƙafar jarirai: Akwai gyara a Yamai da Kano, amma yana son sammako

Duk wanda ke cin kasuwannin kan iyaka, daga Illela zuwa Jibiya har Maigatari, ya saba ganin samari masu taka gefen ƙafa, tafin yana kallon ciki, suna bara a bakin tasha. Da yawanmu kan ɗauka shan inna ce. A gaskiya wani kaso daga cikinsu haka aka haife su, da murɗaɗɗiyar ƙafa, lalurar da ke samun kusan jariri 1 cikin kowane 1,000. Ta fi kama maza, kuma kusan rabin masu ita ƙafa biyu ce ke murɗewa. Ba iska ba ce, ba kuma wani abu uwa ta ci ko ta tsallaka lokacin goyon ciki ba.

Abin takaicin shi ne, tana cikin lalurorin da suka fi sauƙin gyara, muddin aka fara tun jariri yana ɗanyen goyo. A makonnin farko jijiyoyi da gaɓoɓin ƙafar suna da laushi, suna bin hannu. Idan yaro ya soma tafiya a kanta, ƙashi ya yi ƙwari a karkace, aikin yana ƙara wuya, wani lokaci sai da babbar tiyata.

Hanyar da likitocin ƙashi ke bi yanzu ita ce ta Dokta Ignacio Ponseti, ɗan ƙasar Sifen da ya yi aiki a Jami'ar Iowa ta Amurka, wanda ya wallafa sakamakon aikinsa a 1963. Ma'aikacin lafiya zai murza ƙafar a hankali, ya naɗe ta da simintin asibiti daga yatsu har cinya. Bayan mako guda a cire, a ƙara miƙe ta kaɗan, a sake naɗewa. Yawanci sau 5 zuwa 8 ake yi. Daga nan akasarin yaran sai an ɗan tsaga musu agara domin diddige ya sauka, aikin 'yan mintoci, sannan a sa siminti na ƙarshe na mako 3. Idan an bi ƙa'ida, fiye da 90 cikin 100 na yaran suna takawa daram kamar kowa.

A Jamhuriyar Nijar, asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 yana wannan aiki, tare da gyaran tsagaggen leɓe da sauran lalurorin ƙashi. A ɓangaren Nijeriya akwai asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ga mutumin Maraɗi, Yamai ta haura kilomita 600, alhali Kano ba ta kai rabin haka ba. Mun ga illar rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, domin jinyar da ake komawa duk mako ba ta jure irin wannan yankewa. Shi ya sa, kafin a zaɓi asibiti, ya kamata maigida ya tambayi asibitin gwamnati mafi kusa ko akwai wanda aka horar kan wannan hanya, tunda ba dole sai likitan tiyata ne zai naɗa simintin ba. Ƙasar Yuganda ta gwada haka da ƙananan ma'aikatan lafiya, kuma ya yi kyau.

To amma inda gizo ke saƙar shi ne bayan an cire siminti. Ƙafa ta miƙe, dangi sun yi barka, sai a ga ai an gama. Ba a gama ba. Akwai takalma biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe, waɗanda yaro zai sa awa 23 a kullum har wata 3, sannan da dare da lokacin barcin rana har ya kai shekara 4 ko 5. Yaro zai yi kuka a kwanakin farko, goyo zai yi wa uwa wuya, kaka za ta ce a tausaya masa a cire. Mafi yawan ƙafafun da ke komawa gidan jiya, a nan aka yi sakaci. A ganinmu wannan nauyi bai kamata a bar wa uwa ita kaɗai ba. Ɗan kasuwar da ba ya fashin Lahadin Illela ko Alhamis ɗin Maigatari zai iya ware rana guda a mako domin asibiti na wata biyu, ya kuma tsaya wa matarsa idan surutun dangi ya yi yawa.

Masu ɗori na gida sun iya karaya, amma wannan ba karaya ba ce, kuma ɗaure ƙafar jariri da kara na iya hana jini gudu. Ko simintin asibitin ma sai an sa ido: idan yatsun suka kumbura, ko suka yi fari ko baƙi, ko suka shige ciki alamar simintin ya zame, a koma asibiti a ranar, kada a jira mako ya zagayo.