Rumfar Dirkoki Ko Sito Na Ƙarfe: Wanne Ya Fi Dacewa Da Ajiya?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga yankin Funtuwa, manomi ne kuma yana taɓa sayen hatsi da kaka ya ajiye sai bazara, ya rubuto yana cewa rumbunansa sun yi masa kaɗan. Kafinta ya ba shi shawara ya kafa dirkoki na itace ya rufa kwano, wani ɗan kwangila kuma ya ce masa ya sayi sito na ƙarfe irin wanda ake yankowa daga kamfani a zo a ɗaura da noti. Yana so a gaya masa wanne ya fi.

AMSA: Kafin mu ce maka ga wanda za ka ɗauka, bari ka ji asalin kowannensu.

Ita rumfar dirkoki ba baƙuwa ba ce a wurinmu, amma manoman Amurka ne suka mayar da ita babban gini a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikinsu ya karye, kuɗi suka yi wuya. Sai suka riƙa sayen turakun wayar tarho waɗanda aka jiƙa da maganin ruɓa, su binne su a ƙasa, su ɗora jinka, su rufa kwano. Ba haƙa harsashi, ba zuba kankare mai yawa. Shi kuwa ginin ƙarfe na ɗaurawa, soja ne suka yaɗa shi. A 1916 wani injiniyan sojan Ingila, Peter Nissen, ya fito da bukkar kwano mai doro wadda 'yan mutane kaɗan za su haɗa cikin yini guda. A 1941 sojan ruwan Amurka suka yi tasu, bayan yaƙi kuma manoma suka saye su suna zuba hatsi.

Maganar kuɗi tukuna, don mun san nan hankalinka yake. Rumfar dirkoki ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma kana iya yin ta da kaɗan-kaɗan: bana ka kafa dirkoki ka rufa, baɗi ka zagaye da kwano ko bulo, wata shekarar ka yi daɓen siminti. Kafintan garinku ya iya, in wani abu ya lalace shi zai gyara. Na ƙarfe ba ya yarda da haka. Dole a fara zuba harsashi na kankare, a dasa notunan da za su riƙe ginshiƙai daidai awo, in aka kuskure ko da ɗan yatsa ne ƙarfen ba zai zauna ba. Ga kuɗin mota, ga na masu ɗaurawa. Saboda haka in ɗan kwangila ya faɗa maka kuɗi, ka tambaye shi: har da harsashi da daɓe da ƙofa, ko ƙarfen kaɗai? Nan ake yawan yin rigima.

Amma fa araha ba ta ado. Babban abokin gaban dirka a ƙasarmu gara ce, sai ruɓa daidai inda itace ya haɗu da ƙasa. Sau da yawa za ka ga dirka lafiya lau a sama, alhali gindinta ya zama gari. In za ka yi, nemi itacen da gara ke shakka, kamar ƙirya ko azarar giginya, waɗanda kakanninmu suka daɗe suna gini da su, ko kuma turakun turare waɗanda aka dafa da magani irin na falwayar lantarki. Baƙin mai da ake shafawa yana ɗan taimako, amma a bayan itacen kawai yake tsayawa, ba ya ratsa ciki. A binne dirka kamar ƙafa huɗu, a bar tazarar ƙafa takwas zuwa goma tsakaninsu. Wanda ya fi, in hali ya yi, a zuba ɗan dandamalin kankare a ɗora dirkar a kai da maɗaurin ƙarfe, yadda ba za ta taɓa ƙasa ba. Wani gargaɗi kuma, wannan ga uwargida: guntayen itacen da aka dafa da magani ba na girki ba ne, hayaƙinsa da tokarsa guba ne.

Ƙarfe ba ruwansa da gara, kuma yana ba ka fili fetal ba ginshiƙi a tsakiya, har mota ta shiga ta sauke. Ɓarawo da ɓera ma sun fi shan wuya da shi. Sai dai shi ma yana da tasa cutar. Da rana ya ɗau zafi kamar tanda, da dare ya huce, sai ka ga kwanon yana zufa yana ɗiga a kan buhunan sama. Wannan ɗigon shi ke kawo hunhuna a masara da gyaɗa, ita kuwa hunhunar nan tana haifar da gubar da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta, wadda kuma ke sa a ƙi sayen kayanmu a waje. Maganinsa tagogin shan iska a sama, ɓangare biyu suna duban juna, a sa musu raga don tsuntsu, a kuma ɗaga rufin sosai. In za ka ajiye takin zamani ko gishiri, ka sani suna cin ƙarfe da tsatsa, sai an raba su da bango an kuma riƙa fenti. Batun gobara, gaskiya ne ƙarfe ba ya kamawa, amma in kayan ciki suka kama, zafi na lanƙwasa shi ya rufto. Kada wani ya ce maka ka tsira daga wuta don ka sayi ƙarfe.

Duk wanda ka zaɓa, iskar farkon damina ita ce alƙali. Yawancin rufin da take yayewa ba laifin itace ko ƙarfe ba ne, ɗauri ne bai yi ba, ko an sa kwano mai shara-shara. A ɗaure jinka da dirka da ɗamarar ƙarfe, kada a dogara da ƙusa kaɗai.

To wanne ke nan? A ganinmu ya danganta da abin da za ka zuba. In harawa ce, ko karan dawa, ko albasa irin ta mutanen Aliyaro, ko kayan aikin gona, rumfar dirkoki ta fi, domin waɗannan iska suke so. Albasa a rufaffen sito na ƙarfe ruɓewa za ta yi. Haka kuma in filin haya ne ko aro, kada ka binne kuɗinka a kankare. Amma in kai mai tara ɗaruruwan buhuna ne duk shekara, irin 'yan kasuwar Dawanau, filin naka ne da takarda, kuma kana da ƙarfin gamawa lokaci guda, na ƙarfe zai fi daɗewa kuma ya fi tsaro. Yadda ka bayyana kanka a takardarka, Malam, mu da za mu ce ka fara da dirkoki a kan dandamali, ka yi daɓe mai kyau, ka zagaye da bulo. Abin da ya ragu ka sa shi a hatsi.

Sannan ka tuna gini ba ya busar da hatsi. Masara sai danshinta ya sauko wajen kashi 13 cikin ɗari, gyaɗa kuwa wajen kashi 7 zuwa 8. In ba ka da na'urar awo, zuba ɗan hatsin a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ka rufe ka girgiza, ka ɗan jira. In gishirin ya manne a jikin kwalba, koma shanya. Buhu kada ya taɓa ƙasa, a jera shi a kan katako, a bar hanyar da mutum zai iya zagayawa tsakaninsa da bango. Wake kuwa ka nemi buhun PICS mai ninki uku, wanda ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba. Don ƙarin bayani ka tuntuɓi malamin gona na yankinku, ko ofishin hukumar binciken adana amfanin gona ta NSPRI da ke Kano.

Allah ya sa albarka a abin da aka noma.